Hita a Bayan Madubi: Abubuwan Mamaki Daga Ƙofar A-kori-kura

Wata safiyar Agusta a Sorau, cikin ƙaramar hukumar Maiha, ina tsaye ina jiran a gama lodin wata a-kori-kura da za ta nufi Mubi. An kwana ana ruwa. Yaron mota ya tuɓe hularsa yana goge madubin gefe, da ya juya baya sai madubin ya sake yin gumi, kamar da gangan. Sau uku ana haka. Na leƙa ciki, na hangi wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari, ƙura ta cike gefunansa, an zana masa hoton madubi da 'yan kibau uku masu lanƙwasa.

Na ce wa direban, "Maigida, wannan fa na mene ne?"

Ya ce, "Wallahi Malam, haka na same shi. Abin da ban san aikinsa ba, ba na taɓa shi, kada ya ja mini kashe kuɗi."

Na roƙe shi ya tayar da mota ya danna. Kafin a gama ɗaure buhunan masara, madubin hagu da na dama duk sun bushe ƙarau. Yaron ya kai bayan hannunsa ya taɓa, ya ja da baya ya ce, "Oga, madubin nan fa zazzaɓi yake yi!" Shekara da shekaru motar na hannunsu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Abin da ke ɓoye a baya

Idan aka ɓalle gilashin madubin daga gidansa aka juya shi, za a ga wani faifai siriri kamar leda an manna masa, da zane-zanen layuka suna kai da komo, da 'yan ƙarafa biyu inda wayoyi biyu suke shiga. Hitar ke nan gaba ɗaya. Ba fanka, ba ruwa, ba abin da ke motsi. Wuta daga batir mai bolt 12 tana shiga ta waya ɗaya, ta bi layukan da ƙyar saboda sirantarsu, ta fita ta ɗayar. Wahalar da ta sha a hanya ita ce ke zama zafi. Dutsen guga na lantarki, da hitar da ɗalibai ke tsomawa a bokiti, da wannan madubi, duk uwarsu ɗaya.

Wanda ya fara auna wannan lissafi ɗan Ingila ne, James Joule, ɗan gidan masu sana'ar giya a Salford kusa da Manchesta. Ya riƙa tsoma waya cikin ruwa, ya sakar mata wuta, ya auna ɗumin ruwan, har a 1841 ya wallafa cewa idan aka ninka ƙarfin wutar sau biyu, zafin ninkuwa yake sau huɗu. Masu haɗa waya da ka su riƙe wannan. Shi ne dalilin da ya sa wayar da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta ba ta ɗumi a hankali, babbakewa take yi.

Cin wutarsa bai taka kara ya karya ba

Direbobi na tsoron ya shanye batir. Madubi ɗaya galibi tsakanin wat 10 ne zuwa 30, ya danganta da faɗinsa. Ƙwan fitilar gaba guda ɗaya, irin na da, wat 55 yake ci. Dutsen guga kuwa ya kai dubu. Ga wani lissafin da ya ba ni dariya: zafin da madubi mai wat 20 zai fitar cikin minti goma, in da za a zuba shi cikin lita ɗaya ta ruwa, digiri uku kacal zai ɗaga ta. Ko kunun jinjiri ba zai ɗumama ba. Amma gilashi siriri ne, kuma ba a neman ya yi zafi, ana so ne kawai ya fi iskar da ke kewaye da shi ɗumi kaɗan.

A yawancin motoci ma da kansa yake mutuwa bayan minti goma zuwa sha biyar.

Hitar da ta san inda za ta tsaya

Wannan ne ya fi burge ni. Madubai da yawa na zamani ba su da wata na'ura dabam mai kashe su idan sun yi zafi, fentin da aka shafa a bayansu shi ne mai gadin kansa. Garin gawayi ne mai laushi ƙwarai aka kwaɓa cikin wani irin roba. Idan da sanyi, ƙwayoyin gawayin suna manne da juna, wuta na wucewa salin alin. Da robar ta ji ɗumi sai ta kumbura, ƙwayoyin su ja da baya da juna, hanyar wuta ta ƙuntata, zafi ya ragu. Ka tuna leburori masu miƙa bulo hannu da hannu a wurin gini: suna kusa da juna aiki na gudu, da an tazara su sai ya koma tafiyar hawainiya. Wani abin kuma, kowane sashe na madubin yana yin nasa hukuncin. Kusurwar da ruwa ya kwanta a kai tana jan wuta da yawa, wadda ta riga ta bushe ta sassauta.

Raɓa ba daga sama take faɗowa ba

Mukan ce raɓa ta sauka, alhali a nan ƙasa ake haifar ta. Iska na ɗauke da tururin ruwa da ido ba ya gani, kuma mai ɗumi ta fi mai sanyi iya riƙe shi. Da ta taɓa abin da ya fi ta sanyi sosai, sai ta ajiye ruwan a jikinsa. Ledar ruwan sanyi da ke gumi a hannun mai talla ba yoyo take yi ba, iskar kasuwa ce ke ajiye mata ruwa.

To me ya sa gilashin mota ke fin iska sanyi da asuba? Duk abin da ya kwana yana kallon sararin sama, musamman daren da babu gajimare, yana sakin zafinsa zuwa sama har ya sauka ƙasa da sanyin iskar da ke gefensa. Wani likita a Landan, William Charles Wells, shi ya tabbatar da haka a 1814, bayan ya yi ta kwana a waje yana auna ciyawa da ulu. Manomi bai karanta Wells ba, amma ya san ciyawar gindin mangwaro ba ta jiƙa ƙafar wando kamar ta fili. Motar da ta kwana ƙarƙashin rumfa ma haka take.

An yi shi don sanyi, amma a nan ba a lokacin sanyi yake amfani ba

Turawa sun ƙirƙiro abin ne saboda ƙanƙara. A garin Snag na ƙasar Kanada, cikin Fabrairun 1947, sanyi ya kai digiri 63 ƙasa da sifili. Mu kuwa a nan Adamawa, zafin Afrilu a Yola kan haura digiri 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Shi ya sa mutum zai ɗauka madubi mai hita a Sorau kamar bargo ne a watan bazara.

Kuskure ne, kuma kuskuren da ban sha'awa. Lokacin da muke jin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu busasshiya ce har leɓe na tsagewa, babu ruwan da za ta ajiye a gilashi. Hazon da ke rufe duwatsun Mandara a lokacin ƙura ce, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma zafi ba ya korar ƙura. Ka danna maɓallin daga asuba zuwa azahar, ba abin da zai canja. Aikinsa a wurinmu yana damina ne da farkon kaka, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da iska ta ƙoshi da ruwa, ga raɓa da safe, ga yayyafi yana barin ɗigo-ɗigo a madubi, kuma waifa ba ta kai wa can. Wato a watannin da hanya ta fi lalacewa, rafuka suka cika, direba yake yawan ja da baya don neman inda taya za ta kama. Nan ne yake buƙatar ganin bayansa fiye da kowane lokaci.

Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila a jihar Taraba, daga Mayo Selbe zuwa Nguroje da Gembu, inda gajimare ke sauka ya zauna a kan titi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Madubi fasfo ne

Ba sai ka tambayi dillali daga ina mota ta fito ba, dubi madubinta. Idan akwai rubutun Turanci a ƙasan madubin dama mai gargaɗin cewa abin da ka gani ya fi kusa da yadda kake zato, to galibi daga Amurka ko Kanada take, doka ce ta tilasta shi a can. Idan da Larabci aka rubuta, ta biyo ta Dubai ko maƙwabtanta. Idan kuwa ka ga wani layin ɗigo-ɗigo a tsaye kusa da bakin gilashin, inda hoto ke ɗan karkacewa, wannan 'yar Turai ce, irin waɗanda muke kira 'yan Beljiyam saboda tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ake lodinsu.

Dalilin gargaɗin shi ne madubin dama yana da ɗan doro kamar bayan cokali. Doron yana faɗaɗa abin da ake gani, amma yana ƙanƙantar da shi, ƙwaƙwalwa kuma ta saba cewa ƙaramin abu nesa yake. Tirelar da kake zaton tana can baya, ga ta a ƙeyarka. Lissafin yadda haske ke dawowa daga madubi mai doro tsoho ne: Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya warware wata matsala a kansa da har yau masana ke kiranta da sunansa.

Sauran kayan sanyi da ke biyo mota

Wasu motocin Kanada kan iso da filogi yana lilo a gaban inji kamar na firji. Ba motar lantarki ba ce. A can, da dare ake jona shi a bango don ya ɗumama inji, in ba haka ba mota ba za ta tashi da safe ba.

Akwai kuma hitar kujera. Cadillac ya fara sayar da ita a 1966. Na san wanda ya yi tafiyar Mubi zuwa Yola cikin watan Maris yana zufa yana zargin basir, ashe gwiwarsa ce ta danna maɓallin.

Ita Hilux da muka sani, wadda ta fara fitowa a Maris 1968, ba a sayar da sabuwarta a Amurka. Tun 1995 Tacoma ta maye gurbinta a can. Waɗanda aka ƙera don ƙasashe masu zafi galibi ba a sa musu hita, don haka kada ka tayar wa rewaya da hankali kana neman abin da kamfani bai sa ba. A 1987 ma da sojojin Cadi suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da ire-iren waɗannan motoci, har aka riƙa kiran faɗan Yaƙin Toyota, babu wanda ya damu da raɓa. Tsofaffin Fijo 404 da 504 kuwa, irin da masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika mana hanyoyi da su, in an samu madubi ɗaya a gefen direba ma an gode.

Yadda madubi ya hau mota

A tseren farko na mil 500 a Indianapolis, ranar 30 ga Mayu 1911, kowane direba yana ɗauke da bakanike a gefensa, kuma cikin aikin bakaniken har da waiwaye. Ray Harroun ya ce shi kaɗai zai shiga. Da abokan tsere suka yi ƙorafi, ya kafa madubi a gabansa, ya shiga, ya kuma ci. Daga baya shi da bakinsa ya ce hanyar ta bulo ce, madubin ya yi ta karkarwa har bai ga komai a ciki ba. Shekara biyu kafin haka, wata Baturiyar Ingila mai tseren mota, Dorothy Levitt, ta riga ta shawarci mata direbobi su riƙa ɗaga ɗan madubin kwalliyarsu don duba baya. Yabon dai namijin ya tafi da shi.

A Japan, sai a 1983 aka halatta wa motocin da ake ƙerawa a ƙasar madubi a jikin ƙofa. Kafin nan can gaba yake tsaye a saman taya kamar ƙahon bunsuru, kuma har yau tasi da yawa a Tokiyo sun fi son sa a nan.

Mu ma muna da namu labarin. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Kafin ranar, direban yankin Mubi da zai tsallaka zuwa Garwa sai ya sauya hannu a kan iyaka, don Kamaru ta Faransa tun asali dama take bi. Dare ɗaya madubin da ake dogaro da shi wajen wuce mota ya tashi daga wannan gefe ya koma wancan.

Wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashi

Masu Fijo 206 da 307 da 406, ku shafa ƙarƙashin madubin gefe, za ku ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake. Shi ne ma'aunin zafin waje. Idan acaɓa ya fizge madubin aka sa wani marar shi, sai allon mota ya riƙa nuna lambar da ba ta da kai ba ta da gindi, ko ya daina nuna komai.

Inda muke kashe shi da hannunmu

Madubi ya fashe, sai a nufi mai yankan gilashi, ya yanko daga irin na ɗaki, ya shafa gam ya manna. An biya kuɗi kaɗan, an tafi ana murna. Araha ba ta ado. Na farko, faifan hitar yakan tafi shara tare da fasasshen gilashin, wayoyi biyun su zauna a ciki suna lilo. Na biyu, gilashin ɗaki miƙaƙƙe ne, babu doro, don haka wani yanki na titi ya ɓace wa direba ba tare da ya sani ba, kuma a wannan yankin ne mai babur ke shigowa. Na uku, madubin ɗaki a bayansa aka shafa sinadarin da ke nuna hoto, yayin da madubin mota da yawa a fuskarsa yake. Gwada da kanka: ɗora bakin biro a kan gilashin. In ka ga tazara tsakanin biron da hotonsa, shafin na baya ne. In sun haɗe baki da baki, na gaba ne. Wannan shafin na gaba shi ya sa bai kamata a goge ƙurar hunturu a bushe ba, yashin na kankare shi. A watsa ruwa tukuna.

Gilashin gaskiya mai hitarsa ana samu a wurin masu kayan Beljiyam, a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas. Juya bayansa ka nemi 'yan ƙarafa biyun nan kafin ka biya. Rubuta lambar mota a fuskar madubi da ake yi don ɓarayi ba ya taɓa hitar, tunda ita a baya take.

Zancen 'yan acaɓa da ke kwance madubi ranar da suka sayi babur, wai yana rage masa kyau, wannan na bar wa hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun Fabrairun 1988.

In ya ƙi aiki

Duka biyun sun mutu tare? Fara da fis, sannan maɓallin. Ɗaya ne kawai? Ko faifan ya ƙone, ko kuma waya ta karye cikin robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda ake lanƙwasa ta duk buɗewa da rufewa. Ƙofar direba ce ta fi yin haka, don ita ta fi shan wahala. Rewaya mai mita zai gane cikin minti biyu: lafiyayyen faifai yana nuna 'yan lambobi kaɗan, matacce ba ya nuna komai. Wanda ya ce zai haɗa maka shi kai tsaye da batir ba tare da fis ba, karɓi makullinka ka yi gaba, gyaran gangar Auzinawa zai yi maka.

A motoci da yawa babu ma maɓalli na musamman, wanda ke busar da gilashin baya shi ne ke kunna madubai. A-kori-kura ce ta fi zuwa da nata dabam, don wasunsu ba su da wayoyi a gilashin baya. Gumin da ke rufe gilashin gaba ta ciki idan ana ruwa kuwa, wannan numfashin fasinjoji ne, maganinsa esi, saboda tana tsotse ruwan da ke cikin iska. Tsumma ƙara dagula shi yake yi.

Har kyamara ma sai da hita

A 2018 Lexus ya fara sayar da mota a Japan da kyamara a gurbin madubin gefe, Marsandi kuma ya yi haka a babbar motarsa Actros. An kori gilashi, amma raɓa ba ta san da zancen ba, dole aka sa wa kyamarorin tasu hitar.

Mai a-kori-kura, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Da asuba ka tayar da mota, ka danna maɓallin, ka ba shi minti uku, sannan ka hura numfashi a madubin. In gumin ya ɓace nan take, hitarka na da rai. Ka gaya wa yaronka ya mayar da hularsa kai.